Danƙon sabara ya ƙi shiga ruwa: da me ake narkar da shi kafin a gwada shi a kan bakteriya?

Ɗaliba_Maradi:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta mastar, kuma bincikena a kan ganyen sabara ne, wanda iyayenmu suke dafawa saboda ciwon ciki da gudawa. Na shanya ganyen a inuwa, na daka, na raba garin kashi uku, na jiƙa ɗaya a ruwa, ɗaya a etanol, ɗaya a hegzan, wani sinadari mai ruwa-ruwa da ke tatso maiƙo. Na ruwa bai ba ni wahala ba. Na hegzan kuwa, bayan da hegzan ɗin ya tashi, abin da ya rage a gindin kwalba wani koren danƙo ne mai maiƙo wanda ba ya shiga ruwa ko kaɗan, duk irin girgizar da na yi masa. Na narkar da shi a DMSO zalla, wato wani sinadari mai ruwa-ruwa da ake narkar da magunguna da shi a ɗakin gwaji, miligiram 100 a kowace mililita, ya narke sarai, amma da na zuba shi cikin romon Mueller-Hinton, wato ruwan abincin da ake rainon bakteriya a ciki, sai romon ya yi fari kamar an ɗiga masa nono, bayan ɗan lokaci kuma gudaji suka kwanta a ƙasa. A faranti mai jeloz, wato abin da ke daskarar da abincin bakteriya, inda na huda rami na zuba haɗin kai tsaye, na ga ƙaramin zobe, wurin da bakteriya ba ta tsiro ba, a kewayen ramin ga Staphylococcus aureus da Escherichia coli duka. Shin akwai abin da ya fi DMSO dacewa da wannan aiki? Kuma nawa ne adadinsa da bakteriya za su iya jurewa?

Malam_Labo:
Wa alaikumus salam, ƴata. Kafin mu kai ga abin da ya fi DMSO, ina da tambaya guda: a wannan farantin da kika ga zobe, kin huda wani rami na daban kin zuba DMSO shi kaɗai, babu danƙon a ciki? Idan ba ki yi ba, to har yanzu ba mu san wanda ya hana bakteriyar tsirowa ba, ko sabara ce ko kuwa ruwan da kika narkar da ita. Wannan ramin shi muke kira shaida, kuma sakamakon da ba shi da shaida babu alƙalin da zai karɓe shi ranar kare bincike.

Ɗaliba_Maradi:
Gaskiya ban yi ba, Malam. Na sa jentamisin, maganin kashe bakteriya, a rami ɗaya, na ɗauka wannan ya wadatar.

Malam_Labo:
Jentamisin yana nuna miki cewa bakteriyarki tana amsa magani yadda ya kamata, amma bai ce komai ba game da DMSO. Dukansu biyu ake buƙata. Yanzu ga lissafin da nake koya wa ɗalibai. Abin da aka fi yarda da shi shi ne kada DMSO ya wuce kashi 1 cikin 100 a ramin ƙarshe, wato bayan an haɗa komai har da bakteriya. Uwar haɗinki miligiram 100 ce a mililita. Ki ɗebi mikrolita 20 daga cikinta ki zuba a mikrolita 980 na romo, kin sami miligiram 2 a mililita tare da DMSO kashi 2 cikin 100. Idan kika zuba mikrolita 100 na wannan a ramin faranti mai ramuka 96, kika ƙara mikrolita 100 na romon bakteriya, kowanne ya ragu zuwa rabi: danƙo miligiram 1 a mililita, DMSO kashi 1 cikin 100. Shi ya sa ake son uwar haɗi ta yi ƙarfi ninki 100 na abin da ake so a gwada, domin a sami damar sirka ta sosai. Sannan lokacin zubawa, romon ne zai kasance yana motsi a kan injin girgizawa, ki riƙa ɗiga haɗin a hankali cikinsa. Kada ki juya abin, wato ki kwarara romo a kan DMSO, domin a nan ne ya fi saurin guntsewa.

ƊanKatsina_Kimiyya:
Na yarda da lissafin Malam, sai dai ina ganin an tsananta da kashi 1 ɗin nan. Mu a wajenmu, nan ƙetaren iyaka, mun sha auna abin da kuke kira CMI, mu kuma muke ce masa MIC, wato mafi ƙarancin adadin magani da ke hana bakteriya tsirowa, da DMSO kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100, kuma E. coli da S. aureus suna tsirowa lafiya a ramin shaida. Sai an haura kashi 5 zuwa sama ne ake fara ganin girman wasunsu yana ja da baya a fili.

Hajiya_Famasi:
ƊanKatsina, tsirowa daban, rashin tasiri daban. Ido yana iya ganin rami ya gurɓace, ka ce bakteriya ta tsiro, alhali DMSO ya riga ya taɓa fatar ƙwayar ya sauƙaƙa wa magani shiga, ka ga ke nan CMI zai fito ƙasa da yadda yake a haƙiƙa. Akwai ma akasin haka, domin an nuna cewa DMSO yana shanye wasu sinadarai masu lahani da ke taruwa cikin ƙwayar yayin da magani yake kashe ta, har ya rage saurin mutuwar E. coli a ƙarƙashin wasu magungunan. Saboda haka ni ina tare da Malam_Labo: duk abin da za a iya yi da kashi 1, kada a yi shi da 2. Wanda lalura ta sa ya haura kuwa, ya rubuta adadin a fili cikin rahotonsa, ya kuma nuna shaidarsa a daidai wannan adadin ga kowace bakteriya da ya gwada, domin juriyarsu ba ɗaya ba ce.

Bagobiri_Tibiri:
Ni abin da ya ja hankalina shi ne farin da ta ce romon ya yi. Ƙanwata, ruwa ba ya tsami banza. Wannan farin yana gaya miki cewa danƙon ya fita daga narkewa ya koma ƙananan gudaji, kuma abin da ya kwanta a gindin rami ba ya cikin abin da bakteriya take gamuwa da shi. Za ki rubuta miligiram 1 a mililita, alhali abin da ya narke da gaske wataƙila bai kai rabin haka ba. Matsala ta biyu kuma ita ce ta karatu: CMI da ido ake karanta shi, ana neman ramin farko da ya tsaya garau, to ta yaya za ki bambanta gurɓacewar danƙo da gurɓacewar bakteriya? Shawarata ita ce ki fara yin gwajin narkewa ba tare da bakteriya ba. Ki jera tub biyar ko shida, ki sirka rabi-rabi daga miligiram 1 zuwa ƙasa, ki ajiye su a akwatin ɗumi a digiri 35 na tsawon dare kamar yadda za ki yi wa ainihin gwajin, da safe ki duba daga wane mataki ne romon ya tsaya tsaf. Daga nan ne gwajinki na gaskiya ya fara. Abin da ke sama da shi, ki rubuta cewa bai narke ba.

Madarunfa_Labo:
Akwai wata dabara da ba a ambata ba. Idan aka yi sirkin rabi-rabi a cikin romo, DMSO ma yana raguwa rabi-rabi daga rami zuwa rami, ramin farko kashi 1, na biyu rabin kashi, haka har ƙarshe. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a yi dukan sirkin a cikin DMSO zalla tukuna, a sami jerin uwayen haɗi, sannan a ɗebi adadi iri ɗaya daga kowace a zuba a romo. Da haka kowane rami yana ɗauke da kashi 1 daidai, shaida ɗaya ta wadatar wa duka, kuma gudajin ramin farko ba za su bi fifet, wato bututun ɗiba, su shiga sauran ramuka ba. Haka ƙa'idar CLSI, cibiyar tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaji ta Amurka, ta tsara wa magungunan fungas da ba sa narkewa a ruwa.

Likitan_Dabbobi:
Ku yi mini afuwa, amma ni ban ga dalilin da ya sa kowa ya rataya a kan DMSO ba. Tun 1998 Farfesa Eloff na Afirka ta Kudu ya fitar da hanyar auna CMI na tsirrai a faranti mai ramuka 96, kuma shi asiton ya fifita, saboda yana narkar da abubuwa masu maiƙo da marasa maiƙo, yana gauraya da ruwa, kuma bakteriya da dama suna jure shi har zuwa kashi 25 cikin 100 a ramin farko. Na yi amfani da shi a kan ɓawon marke da na madaci, ban ga matsala ba, ga shi kuma ya fi sauƙin samu da araha.

Malam_Labo:
Likita, hanyar Eloff sananniya ce, ba na musun ta. Sai dai ka tuna inda muke. Asiton yana tafasa a digiri 56, mu kuma a watan Afrilu da Mayu zafin Maradi yana haura 40 a inuwa, kuma ba kowane ɗakin gwaji ne yake da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki ba. Kafin ɗalibi ya gama cika faranti, wani kaso na asiton ɗin da ke cikin uwar haɗi ya tashi, ƙarfin haɗin ya ƙaru ba tare da ya sani ba. Sannan asiton zalla yana cin robar da ake yin waɗannan farantai da ita, dole sai an riga an zuba ruwa ko romo a ramin. Wanda zai yi da shi ya yi da sassafe, ya rufe kwalba tsakanin ɗiba da ɗiba.

Ɗan_Tasawa:
Me zai hana ta yi amfani da etanol kawai, tunda akwai shi a ko'ina?

Hajiya_Famasi:
Ɗana, etanol ɗin da muke goge teburi da shi don kashe bakteriya, a kashi 70 cikin 100? Ana amfani da shi, amma da sharaɗin a sirka shi ƙwarai kamar DMSO, shi ma da shaidarsa. Inda yake da fa'ida ta musamman shi ne a kan ƴar takardar disk mai faɗin milimita 6: a ɗiga haɗin, a bar shi ya bushe sarai a wuri mai tsabta, etanol ya tashi ya bar maganin. DMSO ba ya yin haka, domin sai a digiri 189 yake tafasa, ko kwana aka yi ana jira yana nan a jikin takardar. Amma ina shakkar etanol zai narkar da dukan abin da hegzan ya tatso, tunda akasarinsa kitse ne da kakin ganye.

Bari in ƙara da abin da muka sani a harhaɗa magunguna, ko zai amfani wani. Ba kowane abu mai ƙin ruwa ne yake buƙatar irin waɗannan ba. Wasu sauyin tsami kawai suke so. Magungunan sulfa da asid nalidiksik ana narkar da su da ɗigon soda kostik mai rauni, tirimetofirim kuma da ɗan asid mai rauni, sannan a cika da ruwa. Eritromaisin da kuloramfenikol su ne ake yi wa etanol, rifamfisin kuma metanol ko DMSO. Abin lura shi ne romon Mueller-Hinton ya tsaya a ma'aunin tsami na pH 7.2 zuwa 7.4 bayan an haɗa, in ba haka ba tsamin ne zai hana tsiro. Wannan ya fi amfani ga sinadari guda wanda aka san siffarsa. Danƙon tsiro kuwa taron abubuwa ne masu yawa, kowanne da halinsa.

Bagobiri_Tibiri:
Maganar disk da Hajiya ta kawo ta tuna mini da zoben da ƙanwarmu ta gani tun farko. Jeloz kusan dukansa ruwa ne. Abin da ba ya narkewa a ruwa ba zai yi tafiya mai nisa a cikinsa ba, zai tsaya a bakin ramin. Don haka ƙaramin zobe ba ya nufin magani mai rauni, rashin zobe ma ba ya nufin babu magani. Hanyar disk ta Kirby da Bauer ta 1966 an gina ta ne a kan magungunan da aka san yadda suke yaɗuwa, aka kuma gwada faɗin zobensu da CMI. Kuma ganin zobe iri ɗaya ga S. aureus da E. coli shi ya ƙara sa ni zargin DMSO, domin E. coli tana da wata fata ta waje da ke tare abubuwa masu maiƙo, shi ya sa galibi tatson hegzan ya fi taɓa bakteriya irin su S. aureus.

Uwar_Ɗalibai:
Tunda ana maganar DMSO, bari in ba ku labarin asarar da muka taɓa yi. Wata shekara cikin hunturu, wani ɗalibina ya shigo da safe ya tarar da kwalbarmu ta daskare kamar ƙanƙara, ya ɗauka ta lalace, ya kai ta wurin zubar da shara na sinadarai. Kwalbar da muka yi wata biyu muna jira a kawo mana daga Kano! Bai san cewa DMSO yana daskarewa a wajen digiri 18 ba, sanyin asubahin Disamba da Janairu kuwa yana sauka ƙasa da haka. Da ya sa ta a ruwa mai ɗumi da ta dawo yadda take. Hasali ma daskarewar alama ce mai kyau, domin DMSO yana jan danshin iska, kuma wanda ya sha ruwa da yawa ba ya daskarewa da sauƙi, ƙarfin narkarwarsa ma yana raguwa. Idan kuka sayi kwalba kuna shakkar ingancinta, ku sa kaɗan a firiji ku gani. Da damina musamman, ku rarraba shi a ƙananan kwalabe, kada a riƙa buɗe babbar kullum.

ƊanKatsina_Kimiyya:
Allah ya mayar da alheri, Malama. Ni kuma tawa asarar a matata ce. Na tura haɗin DMSO zalla ta cikin filta mai ƙofa maikromita 0.22 wadda aka yi da asetat na seluloz, sai fatar filtar ta narke ta bi haɗin. Filtar nailan ko ta robar PTFE ce take jure shi. Kada kuma wani ya ce zai tace bayan ya sirka a romo, domin idan akwai gudaji filta za ta riƙe su, abin da ya wuce ya zama kusan romo zalla.

Hajiya_Famasi:
A ƙara da safar hannu. DMSO yana ratsa fata cikin sauri, yana kuma iya tafiya da abin da aka narkar a cikinsa. Wanda ya taɓa jin ɗanɗanon tafarnuwa a bakinsa bayan ya zubo masa a hannu ya san abin da nake nufi.

Ɗan_Tasawa:
Ni har yanzu akwai abin da yake damuna, kuma ina neman afuwar malamai. Kakanninmu da masu maganin gargajiya a kasuwa ruwa suke dafa sabara da shi, wani lokaci da ƴar kanwa. Babu wanda ya taɓa shan tatson hegzan. Idan manufar binciken ita ce a tabbatar da abin da mutane suke sha, me ya kawo wahalar narkar da abin da ruwa bai taɓa fitarwa ba?

Uwar_Ɗalibai:
Tambayarka tana kan hanya, kuma ita ce nake fara yi wa duk ɗalibin da ya zo mini da irin wannan aiki. Idan tambayar binciken ita ce ko dafaffen ganye yana aiki, tatson ruwa ne jigo. Idan kuwa ana neman sabon sinadari ne a cikin tsiron, to dole a leƙa kowane sashe, har wanda tukunyar gida ba ta fitarwa. Sai dai kada a ɗauka tatson ruwa ba shi da nasa rikici. Bagaruwa, wadda majema suke jeme fatun jar akuyar Maradi da ita, cike take da tanin, kuma tanin yana kama furotin ɗin da ke cikin romo ya guntse shi. Ka ga ga abu ya narke a ruwa sarai, amma rami ya gurɓace tun kafin a sa bakteriya.

Likitan_Dabbobi:
Wannan matsalar ta karatu ita ce ta sa hanyar da na ambata take amfani da launi. Bayan an fito da faranti daga akwatin ɗumi, ana ɗiga wani sinadari mai suna INT, ramin da bakteriya take raye ya koma ja. Wasu suna amfani da resazurin, wanda yake juyawa daga shuɗi zuwa ruwan hoda. Da haka ko romo ya yi fari za a iya karantawa.

Madarunfa_Labo:
Haka ne, Likita, amma wasu tatson tsirrai suna juya launin da kansu ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba, koren danƙo irin nata kuma yana iya rufe launin gaba ɗaya. Dole a bar layi guda na danƙo da romo da launi, babu bakteriya. Ni idan na yi shakka, ina ɗibar mikrolita 10 daga ramukan da nake zargi in shimfiɗa a jeloz, washegari in ga abin da ya tsiro. Yana cin faranti da kwana guda, amma gani ya kori ji.

Malam_Labo:
Ban ji an ambaci Tween 80 ba, wato sinadarin nan mai aiki irin na sabulu, kuma na san wani zai ba ta shawararsa a waje, don haka gara in faɗi ra'ayina. Yana taimakawa wajen riƙe maiƙo a cikin ruwa, masu aiki da man kanumfari da makamantansa suna sa kamar rabin kashi cikin 100. Amma yana ƙunshe sinadarin a cikin ƴan ƙananan ƙulle-ƙulle, ta yadda bakteriya ba ta samunsa duka, kuma sananne ne cewa ana sa shi da gangan a wasu gwaje-gwaje don ya kashe ƙarfin magungunan tsabtace wuri. A ƙa'idar CLSI, inda aka yarda da shi ga magunguna irin su dalbabansin, kashi 0.002 ne kacal cikin 100, kuma aikinsa a can shi ne hana maganin manne wa roba. Ga mai, na fi son a sa jeloz kaɗan, kashi 0.15 cikin 100, romon ya ɗan yi kauri ya riƙe ɗigon man kada ya taso sama.

ƊanKatsina_Kimiyya:
A nan kam mun rabu, Malam. Na gwada jeloz ɗin, fifet yana wahala da shi, kumfa tana yawa, ni Tween kaɗan da shaida mai kyau ya fi mini.

Ɗaliba_Maradi:
Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya saka da alheri. Jiya na sake farantin jeloz da ramin DMSO shi kaɗai, yau da safe na tarar da zobe a kewayensa kusan daidai da wanda na gani a baya, saboda haka na cire wancan sakamakon daga rahotona. Na kuma yi gwajin tub da Yaya Bagobiri ya faɗa, da DMSO kashi 1 a kowanne kamar yadda Madarunfa_Labo ya nuna. Biyun farko sun yi gudaji, na uku, wato mikrogiram 250 a mililita, ya ɗan yi hazo, daga na huɗu ne ya tsaya garau. Abin da ban sani ba yanzu shi ne ko in fara daga 125 in sauka, ko in gwada asiton don in kai sama.

Bagobiri_Tibiri:
Ki fara daga 125. Masana da dama ba sa ɗaukar tatson tsiro a matsayin mai ƙarfi sai CMI ɗinsa ya sauka ƙasa da mikrogiram 100 a mililita, don haka abin da yake da muhimmanci yana cikin iyakar da kika samu. Idan bai hana tsiro a 125 ba, ki rubuta cewa CMI ya fi 125, wannan ma sakamako ne.

Likitan_Dabbobi:
Ni da zan sami yadda nake so, ta yi duka biyun a faranti ɗaya, rabi DMSO rabi asiton, da sanannun nau'o'in gwaji, S. aureus mai lamba ATCC 29213 da E. coli mai lamba ATCC 25922, idan ɗakin gwajinsu yana da su, sai mu ga ko lambobin za su haɗu. Ƙanwata, danƙon nawa ya rage miki a kwalba, kuma a ina kike ajiye uwar haɗin idan an ɗauke wuta?